Tambaya da Amsa: Idan Makullin Zamani Ya Ƙi Buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sa wa ƙofata makullin zamani mai buɗewa da zanen yatsa, lambar sirri da waya. Fargabata ita ce batir ya mutu ina waje. Wane tanadi zan yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Fara leƙa ƙasan makullin ta waje. Da yawansu suna da ƙananan ƙarafa biyu da ake manna batir mai 9V a kai, wasu kuma kafar USB ce da ake jona fawa bank. Ba caji suke yi ba, aron wuta ne kawai, don haka sai ki riƙe a wurin har ki danna lamba, sakata ta janye. Batirin ko igiyar su zauna a jaka ko mota.

Idan akwai ramin mabuɗi, wanda galibi a ɓoye yake ƙarƙashin murfi, shi ya fi komai aminci, domin yana aiki ko injin ciki ya lalace. Sai dai mutane kan bar mabuɗan duka a durowa cikin gidan da aka kulle! Ki ba wani amintaccen mutum mabuɗi ɗaya, ko ki sa shi a akwatin ƙarfe mai lambobi da aka kafe a bango inda ido bai cika kaiwa ba. Ki riƙa gwada shi duk wata 3, saboda ƙura da tsatsa kan sa rami ya cije. Kada ki zuba masa man girki ko na inji, ƙura yake tarawa.

Yawancin makullan batir AA guda 4 suke ci, kuma sukan kai wata 6 zuwa shekara, mai Wi-Fi ya fi saurin shanyewa. Da zarar jan haske ko ƙarar gargaɗi ta fara, canza su duka tare, kada a haɗa tsoho da sabo. Yawancin batura masu caji 1.2V suke bayarwa maimakon 1.5V, abin da kan rikita ma'aunin batir na makullin har ya mutu ba sanarwa. In kuwa batir na ƙarewa cikin 'yan makonni, a duba ƙofar tukuna. Idan sai an tura ko an ɗaga ta kafin sakata ta shiga raminta, injin wahala yake sha kullum. Kafinta ya daidaita ramin.

Tambaya: Idan intanet ta ɗauke fa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, lambar sirri da zanen yatsa a cikin makullin ake adana su, suna aiki ba intanet. Buɗewa daga nesa ce kaɗai za ta tsaya. Yi rajistar yatsu daga hannaye biyu, don jiƙaƙƙen yatsa ko mai rauni yakan ƙi karantuwa, sannan ka haddace lambar maimakon ka bar ta a waya.