Kafin ka ƙara firiza ta uku, juya bayan ta farko ka karanta

Wani mai sayar da ƙanƙara da zoɓo kusa da babbar kasuwar Maradi ya rubuto mini. Firiza biyu gare shi a kan sola da batir mai volt 12, ƙanensa ne ya haɗa masa. Sau biyu wayar batir tana narkewa. Yanzu so yake ya ci bashi ya ƙara firiza ta uku kafin azumi, wai a wata guda jarinsa zai ninka.

Alhaji, ajiye maganar bashin nan tukuna. Kuskurenka ɗaya ne: ka damƙa wa ƙanenka jarinka don kawai jininka ne, ba ka taɓa ce masa ya nuna maka lissafin da ya yi ba. Waya ta narke, ka sake kiransa. Ta sake narkewa, shi ɗin dai ka kira!

Lissafin kuwa bai kai na ribar buhun gero wuya ba. A bayan kowace firiza akwai 'yar takarda da aka manna. A ce taka ta nuna volt 220 da amfiya 1.5 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bin waya ce). Ninka su, ka sami wat 330, ƙarfin wutar da take sha ke nan. Biyu, wat 660.

To, nan ne ƙanenka ya yi tuntuɓe. Wat 660 ɗin nan daga batir mai volt 12 za su fito. Raba 660 gida 12, amfiya 55 ke nan ke bin wayar, ban da abin da inbata, na'urar da ke mai da wutar batir volt 220, ke ci, ban da fizgar da firiza ke yi lokacin tashi, wadda takan ninka sau da yawa. Siririyar wayar da ke ɗaukar amfiya 3 lafiya lau a ɓangaren 220, ita ya ɗora wa 55.

Kowace waya tana da turjiyarta, siririya da doguwa sun fi turjewa. Ana gane ta idan aka raba volt ɗin da ya ɓace a wayar gida adadin amfiya. A sa mita a auna: in volt 1 ya ɓace tsakanin batir da inbata, turjiyar wayar 1 ne a raba gida 55, wajen om 0.018 (om ne ma'aunin turjiya). Kamar ba komai, ko? Ninka volt 1 ɗin da amfiya 55. Wat 55 ne ke zama zafi cikin roba, a zafin Maradi na watan Afrilu.

Na san wani bawan Allah da ya yi irin wannan amana. Da na je jaje, ƙaurin roba bai bar shagon ba, murfin firiza ya lanƙwashe, robobin zoɓo sun narke sun manne da siminti. Har yau bashin yake biya, shi da wanda ya haɗa masa wutar kuma ko gaisuwa ba sa yi. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Ka ware 'yan jikkuna ka kira ƙwararren mai gyaran wuta wanda ba danginka ba. Ya rubuta maka wat, amfiya da kaurin wayar da ta dace, ya sa fis, abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, kusa da batir, ya gaya maka ko a mai da haɗin volt 24, wanda zai raba amfiyar biyu. In firiza biyun sun wuce azumi wayarsu ba ta ɗumama ba, rubuto mini mu yi maganar ta uku.