Masu zanen Indiya na zamani, kwaikwayon Turawa suka yi?

'Yar'uwa, kin tambaya ko masu zanen Indiya na zamani kwaikwayon Turawa kawai suka yi. Nima haka na ɗauka kafin in je karatu Delhi. Ina yawan shiga gidan adana zane-zanen zamani na ƙasar da ke Jaipur House, kuma a can ra'ayina ya sauya.

Gaskiya ne sun koyi aikin Turawa. Raja Ravi Varma, mutumin Kerala da ya rasu a 1906, da fentin mai yake zane irin na Turai, amma abin da yake zanawa labaran Indiya ne. Ya kafa maɗaba'a a Bombay a 1894, shi ya sa hotunansa suka shiga gidajen talakawa a jikin kalanda. Sai mutanen Kalkata, su Abanindranath Tagore, suka ce wannan bin salon Turawa ya yi yawa. Suka koma ga ƙananan zanen zamanin sarakunan Mughal da tsofaffin zanen da ke bangon kogon dutse na Ajanta, har suka ari salon wanke fenti da ruwa daga masu zanen Japan.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce Amrita Sher-Gil. An haife ta a Budapest a 1913, mahaifinta ɗan Indiya mabiyin addinin Sikh, mahaifiyarta 'yar Hungary, ta yi karatun zane a Paris. Da ta so zama a Turai da ta zauna. Ta dawo Indiya a 1934. Na daɗe a tsaye gaban zanenta na 'yan mata uku na 1935: suna zaune kusa da juna, tufafinsu masu haske, ba wadda ke murmushi, ido duk a sauke. Hannun Paris yana nan a yadda ta shimfiɗa launi, amma shirun nan na 'yan mata masu jiran abin da ba su zaɓa ba, wallahi ba a Paris ta gan shi ba. Ta rasu a Lahore a 1941 tana da shekara 28.

Jamini Roy kuwa ya ƙware a zanen Turawa, yana samun kuɗi da shi, ya ajiye. Ya koma ga salon masu zanen gargajiya na Kalighat, wata unguwa a Kalkata, da na ƙauyukan Bengal, yana haɗa fentinsa da ƙasa da alli. Ko daga nesa za ki gane aikinsa: baƙin layi mai kauri, idanu dogaye har gefen fuska.

A 1947 wasu samari suka kafa ƙungiyar masu zane ta Progressive a Bombay, cikinsu akwai Souza da Raza da Husain. Su kam sun kalli aikin Picasso, shahararren mai zanen Turai, sosai, ba sa ɓoyewa. Husain da zanen manyan allunan tallar fim ya fara neman abinci, to mu da muka tashi da kallon fim ɗin Indiya mun san irin wannan kaurin layi. Raza ya tafi Paris a 1950, ya yi shekaru yana zanen ƙauyukan Faransa. Wajen 1980 ya koma kan baƙin ɗigo guda da ake kira bindu. Yana ba da labarin cewa yana yaro a Madhya Pradesh malaminsa ya ɗiga alama a bango, ya ce ya zauna ya zuba mata ido. Ɗigon nan ya ci gaba da zanawa har ya dawo Delhi a 2010, inda ya rasu a 2016.