Jan ƙafa huɗu ko tayar sanyi: wanne ke riƙe mota a dusar ƙanƙara?

Tambaya: Malam, inda nake zaune dusar ƙanƙara kan rufe titi wata da watanni. An ce mini in na sayi mota mai jan ƙafa huɗu, ba sai na sauya taya ba. Haka ne?

Amsa: Wanda ya faɗa maka haka rabin zancen ya sani. Jan ƙafa huɗu yana taimakon mota wajen tashi da hawan tudu, tunda injin na raba ƙarfinsa ga tayoyin duka. Amma da zarar ka taka birki, wannan fifikon ya ƙare. Kowace mota da taya huɗu take tsayawa, kuma abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannunka ba. Haɗarin ma shi ne motar ta tashi lafiya lau, direba ya saki jiki, sai a kwana ya murɗa sitiyari ta ƙi bi.

Robar tayar zafi takan fara taurarewa in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas. Ta sanyi kuwa tana nan da laushinta. Duƙa ka duba haƙoranta, za ka ga ƙananan tsagu birjik kamar an yi da reza. Su ke buɗewa su ciji ƙanƙara. Zurfafan ramukan kuma sukan cika da dusa, dusa kuwa ta fi kama 'yar'uwarta. A gefen taya nemi hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar dusa a ciki. Rubutun M+S (wato laka da dusa) kaɗai bai isa shaidar tayar sanyi ba. Ba banza ba lardin Kibek na Kanada ya wajabta irin wannan taya daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Mai jan gaba ba laifi, nauyin injin na danne tayoyin da ke ja. Mai jan baya ce 'yar rigima: ka ɗan matsa totur, bayanta ya yi wutsiya.

In kuɗinka abu ɗaya za su iya, ni dai tayar zan ce. Ka sa huɗun gaba ɗaya, don in gaba kaɗai ka sa wa, bayan motar zai juya da kai a kwana. In zurfin haƙoran ya gaza milimita 4 ka sauya, kuma ka riƙa auna iska da safe, sanyi na rage ta.