Rawar dodanni a gidajen ibadar Buddha: bori ne?

Tambaya: Na ga bidiyon wasu mutane a tsaunukan Himalaya sanye da fuskokin dodanni, wasu har da siffar ƙwarangwal, suna juyi a farfajiyar wani gidan ibada. An ce bikin addinin Buddha ne. Shin irin borinmu ne, aljanu ke hawansu?

Amsa: A'a, ba hawan iska ba ne. Sunan rawar cham, kuma masu yin ta sufaye ne na gidan ibadar, waɗanda ake kira lama. Kowane taku koyonsa ake yi, wani lokaci har a shafe makonni ana bita kafin ranar.

Mai yiwuwa bikin Hemis ka gani, a yankin Ladakh na arewacin Indiya, kimanin kilomita 45 daga garin Leh. Ana fara shi ranar 10 ga wata na biyar a kalandar Tibet, wato Yuni ko Yuli, don tunawa da haihuwar Padmasambhava, malamin da ya kafa addinin a Tibet a ƙarni na 8. Da safe za a busa dogayen ƙahonin tagulla masu kama da kakakin sarakunanmu, sai dai muryarsu ta fi kauri, a bi da ganguna da kuge. Sannan masu rawar su fito cikin rigunan siliki masu nauyi, suna taku sannu a hankali.

Waɗannan fuskoki masu haƙora waje da ido uku, a wurin mabiya addinin, ba na mugaye ba ne. Masu tsaron addinin ne da suka ɗauki siffar fushi don razana sharri. Ƙwarangwal kuwa tunatarwa ce cewa mutuwa na nan tafe. Kusa da ƙarshe akan kawo ɗan mutum-mutumi na ƙullin gari, a daddatsa shi da wuƙa. Abin da ake yankawa, a fahimtarsu, son zuciya ne da jahilci. Ni a ganina nan ne ma'anar bikin take, ko da yake masu yawon buɗe ido sun fi damuwa da ɗaukar hoton fuskokin.

Duk shekara 12, a shekarar da kalandar Tibet ke kira shekarar biri, ana warware wani ƙaton ƙyalle mai hoton Padmasambhava daga saman ginin. An yi a 2016, sai kuma 2028.

Amma tambayarka ba ta faɗi ƙasa banza ba. A nan Ladakh ɗin akwai gidan ibadar Matho, inda a bikin Nagrang, wajen Fabrairu ko Maris, sufaye biyu kan fita hayyacinsu bayan doguwar halwa. Jama'a na cewa wasu ruhohi ne suka shige su. Sukan bi kan katangar ginin a guje, ido a ɗaure, su kuma faɗa wa mutane abin da shekara za ta zo da shi. Idan kana neman abin da ya yi kama da bori, to can ne.