Haɗa kwamfuta biyu da kebul ba tare da rauta ba

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce kana da kwamfutocin tebur biyu a shagonka na Agege, kana so su riƙa tura wa juna fayil ba rauta (na'urar da ke haɗa kwamfutoci ta raba musu intanet) ba data. Yana yiwuwa sosai, ni ma haka na haɗa nawa, don wallahi yawo da filash ya ishe ni, ga bairos da yake kwaso wa mutum.

Ka shiga Computer Village a Ikeja ka sayo kebul ɗin Cat6, ka sa su gwada maka shi a gabanka, kada tsawonsa ya wuce mita 100. In kwamfutocin ba tsofaffi ba ne sosai kebul na yau da kullum ya isa, amma in tsofaffi ne ka ce su matsa maka kirosoba, wato kebul ɗin da ake sauya jerin wayoyin bakinsa ɗaya don haɗa kwamfuta da kwamfuta kai tsaye.

Inda mutane ke maƙalewa shi ne adireshin IP, wato lambar da kwamfutoci ke gane juna da ita, tunda ba rautar da za ta raba dole kai ka rubuta da hannu. Ta farko ka ba ta 192.168.1.1, ta biyu 192.168.1.2, a gurbin da aka rubuta sabnet mas ka sa wa duka biyun 255.255.255.0, gurbin getwe ka bar shi ba komai. Fitilar bayan kwamfutar in tana ƙiftawa to kebul ya kama.

Sai ka kunna raba fayil a saitin Windows na kowacce, a ta farko ka ba da izinin raba foldar da kake so, a ta biyu ka danna Windows da R ka rubuta \\192.168.1.1 ka sa suna da fasuwod ɗin da ake shiga kwamfuta ta farko da su. In ta ƙi, fayawol, wato shingen tsaron Windows, ka fara dubawa.