Me ya sa kyamarorin tsaro suke ɗaukewa da zarar magariba ta yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da sito na kayan masarufi a Zariya, an sa mini kyamarori takwas masu kebul, dukkansu a haɗe da na'urar naɗar hoto, wato NVR. Da rana lafiya lau. Amma da an kira sallar magariba, guda biyu da ke ƙofar baya sai su riƙa ɗaukewa suna dawowa, wata rana ma sai gari ya waye. Wanda ya haɗa mini ya ce matsalar sabis ce, in canza layin data. Na canza, ba ta sauya zani ba. Kyamarorin ne suka lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi saurin sayen sabuwar kyamara, kuma ka wanke layin data daga zargi. Hoton da ke zuwa daga kyamara zuwa NVR ta cikin kebul yake bi, ba ruwansa da MTN ko Airtel. Data tana shiga maganar ne kawai idan kana kallo daga wayarka a waje. Kuma da sabis ne, takwas ɗin za su ɓace maka tare, ba biyu kaɗai ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tambayarka shi ne lokacin. Kyamarar da ke ɗaukewa da faɗuwar rana, abu na farko da nake tuhuma shi ne wuta ba ta isar ta. Idan duhu ya shiga, kyamara kan kunna waɗannan ƙananan fitilu masu ja-ja da ke zagaye da idonta don ta ga dare, kuma a nan ne take jan wuta fiye da kowane lokaci. In wutar da ke isa gare ta dama da ƙyar take riƙe ta da rana, fitilun na kamawa sai ta mutu, ta sake tashi, ta ga duhu, ta sake kunna su, ta sake mutuwa. Wannan shi ne ɗaukewa da dawowar da kake gani.

Za ka iya gwadawa gobe da rana tsaka. A sa tsani, a rufe fuskar kyamarar ruf da tafin hannu ko baƙin ƙyalle na 'yan daƙiƙu. Za a ji ƙas a cikinta, alamar ta koma yanayin dare. Wani ya tsaya gaban talabijin ɗin NVR. In hoton ya ɗauke a wannan lokaci, an kama ɓarawon.

Saura a gano inda wutar take zurarewa. Irin kyamarorinka yawanci kebul ɗaya ne ke kai musu wuta da hoto, tsarin da ake kira PoE. A ƙa'idar PoE da ake kira 802.3af, kowace kafar da ake soka kebul a jikin na'urar rabawa, wato akwatin da ke raba wa kyamarori wuta, tana ba da wat 15.4, wanda kusan 12.95 ne ake da tabbacin ya isa kyamara, ta 802.3at tana kai wat 30. Amma akwai wani lissafi da masu haɗawa da yawa ba sa yi: jimillar wutar da na'urar rabawar ke da ita. A ce an rubuta mata wat 60, kai kuma kana da kyamara takwas da kowace kan ja wat 9 da dare. Wat 72 ke nan. Da rana babu mai ƙorafi, da dare sai ta yanke wa wasu. Duba takardar da ke manne a jikin kowace kyamara, ka tara, ka gwada da abin da ke jikin na'urar.

Sai dai tunda na ƙofar baya ne, kuma ina jin su ne mafi nisa, zargina ya fi karkata ga kebul. Iyakar kebul na Cat5e ko Cat6 mita 100 ne. Kuma kasuwa cike take da wanda ake kira CCA, alminiyam ne aka yi masa rufin jan ƙarfe. A ido ba ka bambance shi, a farashi ne yake da daɗi, amma yana cin wuta a hanya fiye da jan ƙarfe zalla. Yanki ɗan guntu, ka kankare silin wayar da ke ciki da reza: in ka ga fari a ciki, shi ne. Ni dai ban taɓa yarda a ja CCA zuwa kyamara mai nisa ba, ko da mai aikin zai ji haushina. Araha ba ta ado.

Kafin a fasa silin ana canza waya, a kwance kyamara ɗaya, a kawo ta kusa da NVR, a haɗa ta da gajeren kebul mai kyau, a bar ta ta kwana a ɗaki mai duhu. In ta kwana lafiya, kyamarar ƙalau take. A kuma duba kan kebul ɗin da ke waje. Ruwan damina kan shiga, ƙarafan su yi tsatsa ko kore. A yanke a matsa sabon kai, a sa masa murfin robar nan da ke zuwa cikin kwali, wanda yawancin masu aiki ke jefarwa.

Akwai kuma maganar canjin wuta. In da magariba ne kuke tada janareta, to ka lura ko ɗaukewar tana zuwa daidai da lokacin. Maganinsa a ɗora NVR da na'urar rabawa a kan UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ko inbata.

Idan duk wannan ya fita lafiya, sai a duba adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a haɗin. Kyamarar Hikvision kan fito daga kamfani da 192.168.1.64, ta Dahua kuma 192.168.1.108. Biyu suka zauna a adireshi ɗaya, ko rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ta ba wayar wani yaron shago adireshin kyamara, sai su riƙa ture juna. Manhajar SADP ta Hikvision ko ConfigTool ta Dahua za ta nuna maka su a jere. A ba kowace nata adireshi na dindindin, wanda ba ya cikin jerin adireshin da rauta ke rabawa. Amma wannan ciwon ba ya jiran magariba, shi ya sa na bar shi a ƙarshe.

In mai haɗawar ya dawo, ka ce ya buɗe kundin bayanan NVR a gabanka, ku karanta sa'a da mintin da kowace kyamara ta ɗauke a kwana ukun da suka wuce, sannan ya zo da tsani da reza.