Tambaya da Amsa: Gwajin Ƙoda Ya Nuna Rauni ga Mai Ɗaga Ƙarfe da ke Allurar Sitiroyid

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni matashi ne ɗan shekara 30, na daɗe ina ɗaga ƙarfe, kuma na jima ina yin allurar testosteron da nandrolon lokaci zuwa lokaci domin ƙara girman tsoka, ban da garin kiriyatin da nake sha kullum. Kwanan nan na yi gwajin jini, sai sakamako ya nuna kiriyatinin ɗina ya kai 1.6, lambar da aka rubuta eGFR kuma ta tsaya a 59. Likitan da ya duba takardar ya ce akwai alamar ƙodata ta yi rauni, amma abokan atisayena sun ce kada in damu, wai duk mai tarin tsoka haka nasa yake fitowa. Ban gaya wa likitan cewa ina allura ba, kuma ba na jin ciwon komai. Wa ya fi gaskiya a tsakaninsu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Maganar abokanka tana da tushe a ilimin likitanci, amma ba ta isa ta kwantar maka da hankali ba, domin ta bayyana yadda lambar za ta iya yin ƙasa alhali ƙoda tana lafiya, ba ta tabbatar da cewa taka ƙodar lafiya take ba.

Kiriyatinin dattin da tsoka ke fitarwa ne. Kowace rana kusan kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na kiriyatin da ke ajiye a tsoka yana rikiɗa ya zama kiriyatinin, ya shiga jini, ƙoda ta tace shi ta zubar ta fitsari. Ita kuwa eGFR ba aunawa aka yi kai tsaye ba, ƙiyasi ne na ƙarfin tacewar ƙoda da ake fitarwa ta hanyar lissafi daga kiriyatinin da shekarun mutum da jinsinsa, kuma lissafin da ɗakunan gwaji da yawa ke bi, wato CKD-EPI wanda aka sabunta a 2021, yana ɗauka cewa tsokar mutum daidai take da ta sauran tsaransa. Gidan da ake yawan girki ya fi tara toka, kuma yawan tokar ba ya nufin mai shara ya yi sakaci. Haka mai tarin tsoka yake samar da kiriyatinin fiye da na kowa, har ya wuce iyakar da aka saba gani ga maza, wadda ba ta cika wuce 1.3 ba, sai lissafi ya fassara hakan a matsayin raunin tacewa. Garin kiriyatin da kake sha, da cin nama dafaffe gab da gwaji, da atisaye mai tsanani kwana ɗaya ko biyu kafin a ɗebi jini, da ƙarancin ruwa a jiki, duk suna ƙara ɗaga lambar.

Sai dai a nan ne nake so ka saurare ni da kyau. Sitiroyid ɗin gina tsoka yana lalata ƙoda da gaske, kuma wannan ba zato ba ne. A shekarar 2010 likitoci a Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York a Amurka sun wallafa rahoto kan masu gina jiki su 10 da suka daɗe suna amfani da shi, waɗanda aka tsamo ɗan nama daga ƙodarsu aka duba. A jikin mutum 9 daga cikinsu an tarar da tabo a ƙananan matatan ƙodar, cutar da likitoci ke kira FSGS a taƙaice, kuma furotin yana zuba a fitsarinsu da yawan gaske, kimanin giram 10 a rana idan aka raba daidai, alhali mai lafiya ba ya kai ko da rabin giram. Ɗaya daga cikinsu ƙodarsa ta gaza gaba ɗaya. Waɗanda suka daina allurar suka rage nauyi sun sami sauƙi ko kuma cutar ta tsaya inda take, wani kuma da ya koma wa allurar sai cutar ta dawo masa. Bayanin da masanan suka bayar shi ne, jikin da ya yi girma fiye da kima yana tilasta wa matatan aiki fiye da ƙarfinsu, sannan akwai alamar sinadarin da kansa yana cutar da su. A kan wannan kuma akwai hawan jini da kaurin jini da sitiroyid ke haddasawa, da magungunan sa fitsari da wasu ke sha gab da gasa domin tsoka ta fito raɗau, da magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac da masu atisaye ke sha kamar ba komai ba. Masu haɗiyar ƙwayoyin sitiroyid kuma hanta kan kamu, shawara ta bayyana, daga nan cutar ta gangaro zuwa ƙoda.

Rashin jin ciwo da ka ambata ba hujja ba ce ko kaɗan, domin ƙoda takan rasa babban kaso na aikinta mutum bai ji komai ba. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne, uzurin tsoka uzuri ne mai daɗin karɓa, kuma shi ne yake sa masu ɗaga ƙarfe su yi shekaru suna kallon lamba tana sauka ba tare da sun bincika ba.

Hanyar raba gardama a buɗe take. Abu na farko shi ne ka koma wurin likitan ka faɗa masa komai: sunan abin da kake allura, da adadinsa, da tsawon lokacin, da duk garin da kake sha. Wanda aka ɓoye wa rabin labari ba zai iya fassara takarda daidai ba. Daga nan sai a sake gwajin kiriyatinin bayan ka huta daga atisaye mai nauyi na kwana biyu zuwa uku, ka ƙaurace wa nama na awa 12 kafin gwajin, ka sha ruwa yadda ka saba, ka kuma ajiye garin kiriyatin na 'yan makonni. Amma gwajin da ya fi dacewa da irin jikinka shi ne sistatin C, wani furotin da kusan dukkan ƙwayoyin halittar jiki ke samarwa, wanda yawan tsoka ba ya tasiri sosai a kansa. Ƙungiyar KDIGO, wadda ke fitar da ƙa'idojin kula da cutar ƙoda a duniya, ta ba da shawara a 2024 cewa a haɗa shi da kiriyatinin idan ana bukatar ƙiyasi mafi inganci. Shi ma ba ya rasa nasa cikas, domin shan taba da ƙiba da matsalar tayirod da magunguna irin su prednisolone suna iya canza shi.

Gwajin fitsari kuwa, a ganina, ya fi duk sauran muhimmanci gare ka, saboda zubar furotin takan riga faɗuwar eGFR bayyana. A auna albumin, wato wani nau'in furotin, a fitsarin farko na safe, a ranar da ba ka yi atisaye mai tsanani jiya ba. Ƙasa da miligiram 30 a kowane giram na kiriyatinin shi ne daidai, daga 30 zuwa 300 gargaɗi ne, sama da 300 kuwa lamari ne da ke bukatar ƙwararren likitan ƙoda. Ka lura da cewa tun da ana raba albumin ɗin ne da kiriyatinin, kai kuma naka yana da yawa, sakamakon yana iya fitowa ƙasa da yadda abin yake, don haka idan ya kusanci iyaka gara a tara fitsarin awa 24 a auna. A riƙa auna hawan jininka akai-akai kuma.

Idan sistatin C ya nuna tacewa mai kyau, fitsari babu albumin, jini bai hau ba, to mai yiwuwa tsoka ce ta ɗaga lambar, kuma 59 ɗin ba ta zama cutar ƙoda ba, wadda ba a tabbatar da ita sai matsalar ta wuce wata uku. Ko da hakan ta tabbata, shawarata ita ce ka daina allurar, amma a ƙarƙashin kulawar likita, domin jikin da ya saba samun testosteron daga waje yakan daina samar da nasa, kuma dainawa kan zo da kasala da raunin sha'awa da baƙin ciki na tsawon watanni. Idan kuwa ka ga kumfa mai yawa a fitsari, ko kumburin ƙafa da fuska, ko fitsari ya yi duhu bayan atisaye tare da ciwon tsoka mai tsanani, ko idanunka sun yi rawaya, kada ka jira ranar sake gwaji, ka tafi asibiti nan take. Allah Ya ba da lafiya.

Tambaya: Likita, ƙanena yana shan garin kiriyatin kawai, ba ya allura, amma shi ma kiriyatinin ɗinsa ya ɗan haura. Shin kiriyatin sitiroyid ne?

Amsa: A'a, kiriyatin ba sitiroyid ba ne, abu ne da jiki ke haɗawa da kansa kuma ake samu a nama da kifi. Binciken da aka yi kan masu lafiyayyiyar ƙoda da ke shan giram 3 zuwa 5 a rana bai nuna yana lalata ta ba, ko da yake yana iya ɗaga kiriyatinin kaɗan a takardar gwaji. Ya ajiye shi na 'yan makonni a sake gwajin tare da na fitsari. Ki kuma tambaye shi cikin natsuwa ko akwai wani abin da yake sha bayan garin, domin an sha samun kayan gina jiki da aka cakuɗa da sitiroyid ba tare da an rubuta a jikin kwalin ba. Idan dama yana da ciwon ƙoda ko ciwon sukari ko hawan jini, kada ya ci gaba da sha sai likitansa ya amince.